Randa Cikin Randa: Yadda Nake Tsara Aikin Hannu Ga Yara Bayan Tashi Daga Makaranta

Duk wanda ya yi niyyar tara yara bayan an tashi daga makaranta domin su koyi wani abu da hannunsu, abin da zai fara cin karo da shi shi ne ƙarancin lokaci. A yawancin makarantun gwamnati na Kano da Jigawa ana tashi ne wajen ƙarfe ɗaya da rabi zuwa biyu na rana, kuma kafin yaro ya isa gida, ya yi sallar azahar, ya ci abinci, la'asar ta kawo jiki, sai ya ɗauki jakarsa ya nufi Islamiyya, inda zai kai kusan magariba. Wanda ba ya zuwa Islamiyyar yamma kuwa, akwai shagon mahaifinsa ko garejin ubangidansa da ke jiransa, yarinya kuma ga wanke-wanke da ɗiban ruwa, wata ma har da farantin talla. Sararin da ya rage a mako shi ne yammacin Alhamis da na Juma'a, domin a ranakun nan ne Islamiyyu da makarantun allo da yawa suke hutu, kuma ko a cikinsu Alhamis ta fi tabbas, tunda Juma'a tana da nata hidimomin na masallaci da ziyarar 'yan'uwa. Ke nan abin da malami ko mai aikin sa kai yake da shi a hannu bai wuce awa ɗaya da rabi a mako ba, kuma wannan ƙarancin ne ya sa nake ganin tsara aikin ya fi aikin kansa wuya.

Abin da aka fi sabawa da shi a garuruwanmu da sunan koyar da sana'a shi ne taron yini ɗaya, inda ake jera yara a kan benci, wani gwani ya tsaya a gabansu yana haɗa sabulun ruwa ko man shafawa a cikin bokiti, ana karanto musu sunayen sinadarai suna rubutawa, a ƙarshe a raba musu kwalba ɗai-ɗai, a ɗauki hoto, a watse. Ban raina niyyar masu shirya irin wannan taro ba, amma yaron da ya zauna yana kallo bai auna komai ba, bai ɓata komai ba balle ya gyara, kuma idan ya koma gida ya gwada, sabulun ya tsinke, ba shi da hanyar gano dalili. Matsalar kuwa ta daɗe a iliminmu. Lokacin da aka fara aiwatar da tsarin 6-3-3-4 (shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare, 4 a jami'a) a farkon shekarun 1980, an sanya darasin fasaha a ƙananan sakandare da kyakkyawar manufa, aka shigo da injinan kafinta da na ƙira daga ƙasashen waje, amma a makarantu da dama kayan sun yi shekara da shekaru a cikin akwatunansu, saboda babu ɗakin aiki, babu wutar lantarki, babu kuma malamin da ya san yadda ake tayar da su. Ɗalibai suka ci gaba da zana hoton zarto a littafi suna haddace sunayen sassansa. Shi ya sa nake kauce wa duk aikin da ya dogara ga kayan da ba a samunsu a kasuwar garin.

A wurina tsari yana farawa ne daga tambaya guda ɗaya wadda yara za su iya amsawa da awo, wadda kuma amsarta za ta yi amfani a gidajensu. Tambayar da na fi jin daɗin aiki da ita ita ce: kwana nawa tumatir zai yi bai ruɓe ba idan aka bar shi a kwando, kuma kwana nawa zai yi idan aka sa shi a randa mai sanyi? Babu yaron da ya tashi a ƙasar Kano da bai san labarin tumatir ba. Idan noman rani ya nuna a Kadawa da Kura da sauran filayen da ke shan ruwan madatsar Tiga, kwando yakan faɗi warwas har manomi ya rasa mai saye, wani ya yanka ya shanya a bakin titi, wani ya zubar, amma da damina ta kankama sai tumatir ɗin nan ya gagari talaka. Yaron da ya ji mahaifiyarsa tana kuka da tsadar kayan miya ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan amfanin tambayar.

Aikin kuma yana da tarihi a gida, wanda ya kamata yara su ji tun ranar farko. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Jigawa da ke Dutse, wanda ya tashi a gidan maginan tukwane, shi ne ya fito da dabarar sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle. A shekarun 1990 ya sa magina suka gina masa 5,000 na farko, ya raba a ƙauyukan Jigawa, kuma a gwajin da ya yi, yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da barkono suka kai mako uku ko fiye, alayyafon da kan yi yaushi a yini guda ya kai kwana 12. A shekarar 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex tare da dala 75,000, wadda ya yi amfani da ita wajen yaɗa dabarar. Daga cikin abin da ya sa a gaba har da 'yan matan da ake hana zuwa makaranta domin su yi tallar kayan lambu kafin su lalace, domin idan kayan za su jure kwanaki, babu dalilin gaggawar fitar da yarinya kullum. Idan na ba yara wannan labari, nakan ga yadda suke gyara zama, saboda mutumin da ake magana a kansa ɗan yankinsu ne, kuma kayan da ya yi aiki da su suna nan a tsakar gidan kowa.

Sanyin da ake samu kuwa daga ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yake zuwa. Yumɓun da aka gasa ba a shafe shi da komai ba yana da ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, ruwan yashin yana bi ta cikinsu ya fito waje, iska ta kwashe shi, kuma duk ruwan da zai bi iska sai ya tafi da zafi. Zafin ba kaɗan ba ne: wanda ake buƙata domin lita ɗaya ta ruwa ta zama tururi ya ninka fiye da sau biyar wanda ake buƙata domin a ɗumama ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Wannan ne dalilin da ya sa ruwan randa da na tulu suke da sanyi, kuma shi ne dalilin da ya sa mai tsara aikin dole ya dubi kalanda kafin ya dubi komai. Dabarar tana aiki ne idan iska busasshiya ce, wato daga hunturu zuwa bazara, lokacin da zafin rana a Kano da Dutse yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, ga shi babu laima. Wanda ya ajiye wannan aiki sai watan Agusta, lokacin da iska ta ƙoshi da danshi har wanki ba ya bushewa, zai tara yara ne su kalli randar da ba ta sanyi, su tashi da tunanin cewa abin ƙarya ne. Saboda haka zangon karatu na biyu, daga Janairu zuwa farkon Afrilu, shi ne lokacinsa, kuma ya dace da lokacin arahar tumatir. Sai kuma a duba inda azumi zai faɗo, tunda kowace shekara yakan matso da kusan kwana 11, a tabbatar an gama aikin ɗaukar yashi da zuwa kasuwa kafin a ga wata.

A zaman farko ba na bari a taɓa tukunya. Nakan sa kowane yaro ya jiƙa bayan hannunsa ɗaya ya bar ɗayan a bushe, ya hura musu iska, ya faɗi abin da ya ji, sannan kowa ya rubuta hasashensa a littafi ya sa hannu: tumatir ɗin kwando kwana kaza, na randa kwana kaza. Rubutun nan yana da muhimmanci ƙwarai, domin yaron da ya sa sunansa a ƙarƙashin wata lamba zai matsu ya ga ko ya canka, kuma wannan matsuwar ce take dawo da shi Alhamis mai zuwa. Zama na biyu na zuwa wurin magina ne. Na fi son yara su je da kansu, da izinin iyayensu, su gaishe da tsohuwar da ke ginin, su tambaye ta inda take samo yumɓu, da abin da take cakuɗa shi da shi, da yadda take gane tukunya ta gasu idan ta ƙwanƙwasa ta. Akwai ilimi a hannun waɗannan mata da ba ya cikin littafin kowane aji, kuma yaron da ya durƙusa ya ce, "Iya, don Allah a nuna mana wadda za ta shiga cikin wannan ta bar wurin yashi," ya koyi cewa ana neman sani a wajen wanda bai taɓa shiga aji ba. Su ne kuma za su yi cinikin, ma'ajin rukuni ya rubuta abin da aka kashe har kuɗin mai kura.

Wurin da nake ɓata lokaci mafi yawa a tsari shi ne yadda za a kwatanta. Idan randa ɗaya kawai aka haɗa, aka zuba tumatir, aka buɗe bayan mako guda aka tarar da shi lafiya, an yi abin burgewa, amma ba a tabbatar da komai ba, domin wani zai iya cewa dama tumatir ɗin mai ƙwari ne. Dole a sayi tumatir daga kwando ɗaya, masu girma da nuna kusan iri ɗaya, a raba su kashi huɗu. Kashi na farko a bar shi a kwando a inuwa kamar yadda ake yi a gida, na biyu a sa shi a tukunya guda ba tare da yashi ba, na uku a randa cikin randa mai busasshen yashi, na huɗu kuma a mai jiƙaƙƙen yashi. Kashi na ukun nan shi ne wanda malamai suka fi mantawa da shi, alhali shi ne yake raba gardama, saboda shi kaɗai zai nuna ko kaurin tukwanen biyu ne yake kawo sanyin ko kuwa ruwan ne. Na fi so yara su gano buƙatarsa da kansu, don haka nakan tambaye su, idan wani dattijo a unguwarku ya ce ba ruwan ba ne, yashin ne, me za ku nuna masa? Da wuya a yi minti biyar wani bai kawo shawarar busasshen yashi ba. Game da kayan awo, sikelin 'yan kasuwa ƙarami ya isa a ga yadda nauyin kayan yake raguwa, amma ma'aunin zafi na asibiti wanda ake sa wa a hammata ba zai yi ba, domin iyakacin abin da yake karantawa daga wajen digiri 35 zuwa 42 ne. Sai a nemi na ɗakin gwaje-gwaje na makaranta, ko irin wanda ake rataya wa a firji.

Mafi yawan ayyukan irin wannan a tsakanin zama da zama suke mutuwa. Yashin yana son ruwa safe da yamma, awo yana son a yi shi kullum a lokaci guda, mu kuwa sau ɗaya muke haɗuwa a mako. Saboda haka jadawalin wanda zai ba da ruwa da wanda zai yi awo, kafin taron safe da kuma lokacin tashi, wani ɓangare ne na tsarin tun daga farko, kuma Asabar da Lahadi sai an yi musu tanadi na musamman, ko dai a ajiye randunan a zauren wani gida kusa da makaranta, ko a roƙi mai gadi ya buɗe wa yara biyu ƙofa. Kowane rukuni kada ya wuce mutum biyar ko shida, kuma a riƙa juya ayyuka duk mako, domin idan aka bar su da kansu, nan da nan maza za su riƙe ma'auni da shebur, a miƙa wa mata biro da littafi, a tafi a haka har ƙarshen zango.

Abu mafi wuya ga malami shi ne ya janye hannunsa. Wani rukuni da na yi aiki da su sun ga cewa inuwar da ta fi kowace kyau ita ce ta cikin sito, suka kai randarsu can, suka rufe ƙofa da taga domin kada rana ta shiga. Na san abin da zai faru, na kuma yi shiru. Da mako ya zagayo, awonsu ya nuna cikin randar bai fi wajenta sanyi da wani abin kirki ba, alhali ta maƙwabtansu da ke ƙarƙashin darbejiya, inda iska take kaɗawa, idan ka sa hannu sai ka ji bambanci nan take. Suka zo da fuska a ɗaure suna cewa, "Malam, tamu ba ta da kyau, a canja mana." Na ce su je su shafa jikin randunan biyu su dawo su gaya mini. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta dawo ta ce jikin tasu a jiƙe yake sharkaf, ƙyallen ma har ya fara warin danshi, ta wajen kuwa tana shan ruwa tana bushewa. Ta ɗan yi jim, sannan ta ce, "Ashe sai ruwan ya tafi sanyin yake zuwa." Da na hana su shiga siton tun farko, da na cece su daga asarar tumatir goma sha wani abu, amma da wannan jimla ba ta fito daga bakinta ba. Don haka a kasafin kuɗi nakan ware abin sayen kayan miya karo na biyu, a jadawali kuma nakan bar mako guda babu komai a cikinsa, domin sake gwaji.

Minti ashirin na ƙarshen kowane zama na tattaunawa ne, kuma ba na yarda aiki ya cinye su ko da ba a gama ba. A wanke hannu, a zauna a tabarma, kowane rukuni ya karanto lambobinsa, a tambaye su me suka gani, me ya ba su mamaki, me suke jin ya jawo shi, kuma a ina kuma suka taɓa ganin irin haka. A nan ne wani zai tuna da gumi, wani ya tuna da mai sayar da ruwa da ke naɗe jarka da jiƙaƙƙen buhu. Ƙungiyar matasa ta 4-H a Amurka, wadda ta shafe fiye da shekara ɗari a kan irin wannan aiki, ta gina koyarwarta ne a kan matakai uku: a yi, a waiwayi abin da aka yi, a kai shi wani wuri a yi amfani da shi. Asalinta yana komawa ga irin ƙungiyar da A. B. Graham ya kafa a jihar Ohio a 1902, inda yaran karkara suke haɗuwa a wajen lokacin karatu suna gwada tsamin ƙasar gonakin iyayensu suna shuka masara, da kuma ƙungiyar 'yan mata masu noman tumatir da wata malama, Marie Cromer, ta kafa a Karolina ta Kudu a 1910, inda kowace yarinya take noma kashi ɗaya cikin goma na eka, ta adana amfanin a gwangwani, ta kuma rubuta abin da ta kashe da abin da ta samu. Abin da jami'an gona na wancan lokaci suka lura da shi shi ne manoman da suka ƙi sauraren sabuwar dabara daga bakin jami'i sukan karɓe ta idan suka ga ta yi kyau a ɗan fegin ɗansu. Ina ganin haka lamarin yake a wurinmu ma.

Maganar iyaye ba a barin ta sai daga baya. Kafin zaman farko nakan rubuta takarda da Hausa mai bayyana ranar haɗuwa, da lokacin tashi, da sunan malamar da za ta kasance tare da 'yan mata, kuma idan an ce ƙarfe biyar da rabi za a tashi, to a tashi a lokacin, domin yarinyar da ta isa gida bayan kiran sallar magariba sau ɗaya, da wuya a sake barin ta ta zo. Sanar da mai unguwa ma yana sauƙaƙa abubuwa da yawa. A gaya wa yara a fili cewa randar ta kayan lambu ce, ba a ajiye nama ko kifi ko magani a cikinta, kuma tumatir ɗin gwaji da ya fara laushi ba na ci ba ne. Idan aka koma wasu ayyukan, duk abin da ya shafi lantarki a tsaya a kan batir, kada a kusanci wutar gida, haɗa sabulu kuma, tunda akwai soda mai ƙuna a cikinsa, a bar shi ga manyan ɗalibai masu safar hannu da abin kare ido.

A makon ƙarshe yara ne suke gayyatar iyayensu, su jera kashi huɗun a kan tebur, su liƙa babbar takarda mai ɗauke da awon kowace rana, su kuma amsa tambayoyi da kansu, malami yana gefe. Wasu rukunan sukan shirya ɗan gajeren wasan kwaikwayo, kuma nakan ƙarfafa musu gwiwa, domin Bah Abba ma da wasan kwaikwayo da aka ɗauka a bidiyo ya riƙa zagaya ƙauyuka, ana haska shi a jikin ƙyalle da janareta. Randunan kuma nakan sa a yi ƙuri'a a raba wa gidajen yaran, da sharaɗin su kawo rahoto bayan hutu.

Zango na uku yana shigowa da damina, randa ta yi hutu, sai a koma ga tambayar da ta dace da ruwan sama. Ana iya yanka gorar roba a yi mata ma'auni da rula domin auna ruwan da ya sauka kowace rana daga Yuni zuwa ƙarshen zango, a kuma cika ledojin ruwan sha da aka tsinto da ƙasa da taki a yi renon zogale da darbejiya, a gwada wace haɗaɗɗiyar ƙasa ce ta fi fitar da tsiro. Shirin wannan ma tun a bazara ake fara shi, a sa yara su tara ledoji da busassun kwasfan zogale kafin a tafi hutu, amma irin darbejiya kada a tara shi da wuri, domin idan ya daɗe a ajiye ba ya tsirowa, sai dai a tsinci sabon da ya faɗo a shuka shi cikin 'yan makonni.